Takardar da Na Naɗe Turare

Bin Omran, Doha
Litinin

Zuwa ga maiɗakina Haulatu,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da 'yarmu Rahma. Ya ƙafar Inna? Allah ya ƙara sauƙi.

Rubutawa na yi na turo miki hoton wasiƙar, don mu shida ne a ɗaki, kuma ba maganar waya ba ce.

Kin tuna turaren da na ba Sunusi ya kawo miki? Tsohuwar jaridar da na naɗe kwalbar da ita nake nema. Don Allah ki duba yanzu, kada ki bari sai gobe.

A benen da nake gadi a West Bay akwai wani attajiri mai tara kayan tarihi. Ran nan na ga kwali a lungun da ake ajiye shara, cike da jaridu duk sun yi ja. Na zari ɗaya, yadda mai tsire ke zara. Ashe ba shara ba ce. Jaridun tsibirin Hawayi ne tun suna da sarkinsu, sun kai shekara ɗari da hamsin. Baturiyar da ke kula da su ta ce wadda ta ɓata tana ɗauke da sunayen jiragen ruwa masu dakon sukari, da cigiyar leburorin rake da aka kwaso daga nesa suka gudu daga kwantiragi. Da na ji zancen leburorin nan, sai na tuna da nawa kwantiragin.

Shekara shida ina tsaye a ƙofar nan, ba wanda ya san sunana. Takarda ɗaya ta ɓata, yau an san sunan kowa. Alidu ake zargi, mai sharar benen, mutumin Kumasi. Kyamara ba ta ganin lungun, ni na fi kowa sani.

Ki gaida Inna.

Naki,
Tanko

Alhamis

Haulatu,

Ina gaisuwa, da fatan kun tashi lafiya.

Na ga saƙonki. To, ƙosai kika naɗe wa Rahma da ita ta tafi makaranta. Ban ga laifinki ba, aikin tsohuwar jarida ke nan a wajenmu. Baturiyar ma ba ta da laifi, amanarta take nema.

An dakatar da Alidu. Kafil, ubangidan da ya ɗauke mu aiki, ya ce khalas, wato magana ta ƙare, ran Lahadi za a miƙa shi ga 'yan sanda. Matarsa Zuwera cikinta ya tsufa. Jiya har ni ya roƙa in taya shi addu'a, na kasa kallon idonsa.

Ran Asabar zan je ofis in faɗi gaskiya. Ban sani ba ko kora ce ko ɗauri. Wallahi tsoro nake ji. Idan kika ji ni shiru kwana uku, ki nemi Sunusi, ya san ofishinmu. Kada Inna ta ji tukuna.

Turaren kuwa ki shafa abinki. Shi kam halalina ne.

Naki har kullum,
Tanko