Na Hana Babana Hatsi Da Sunan Likita

Assalamu alaikum Admin, da ku masu karatu, barkanku da war haka. Don Allah a ɓoye sunana, kuma kafin wani ya yi saurin rubuta min "Allah ya shirye ki", ya daure ya karanta har ƙarshe. Duk zagin da za ku yi min na riga na yi wa kaina wanda ya fi shi, shawara na zo nema. Raina a ɓace nake wannan rubutun, idan kun ga magana ta fita da zafi ku yi haƙuri.

Ni malamar firamare ce a Gaya, nan nake aure da 'ya'yana uku. Mahaifina manomi ne a wani ƙauye ta wajen Toranke, cikin Ajingi. Baba mutum ne mai surutu da tsokana, tun daga bakin masallaci za ka ji dariyarsa kafin ka hango shi, kuma tunda ya tashi bai san wata sana'a ba sai gero da dawa da gyaɗa. Sunan mahaifiyarsa gare ni, shi ya sa yake ce min Uwata, kuma duk cikin 'ya'yansa maganata ce ba ya musu da ita. Bara bayan an gama girbi ya fara yawan ƙishirwa da fitsari, na matsa masa har na kai shi asibiti a Kano, aka auna aka ce ciwon suga ne. Ni na shiga da shi wajen likita. Kunnen Baba ɗaya ya yi nauyi, likitan kuma matashi ne mai saurin baki, rabi Hausa rabi Turanci, don haka ni ya fuskanta da bayani. Wallahi ina tune da abin da ya ce: a rage yawan tuwo, a daina zuba sukari a koko da fura, a yawaita ganye, a sha magani, a riƙa dawowa awo. A rage ya ce. Bai ce a daina ba.

To a lokacin ni ina cikin wani gurup na WhatsApp na masu rage ƙiba, na wata mata mai kiran kanta koci, wato mai horarwa, tsarin da suke ce wa keto. Ba tuwo, ba shinkafa, ba biredi, ba dankali, ba koko ba fura, sai ƙwai da nama da kifi da mai da ganye. Na ɗan zabge, rigunan da na jima da ajiyewa sun koma shiga, kaina ya kumbura ina ganin na fi kowa sani. Kullum a gurup ɗin karatu ɗaya ake mana, wai hatsi guba ne, wai likitoci ba sa faɗar gaskiya don mutane su yi ta sayen magani. Muna zaune a motar Ajingi ana jiran ta cika, Baba ya karkato kunnensa mai ji ya ce, "To Uwata, me yaron nan ya ce?" Na buɗe bakin nan nawa na ce, "Baba, ya ce daga yau ba kai ba hatsi. Ba tuwo, ba koko, ba ɗanwake." Ya kalli waje ya ce, "Har fura?" Na ce, "Har fura, Baba." Ya ce, "To. Allah ya sa haka ne mafi alheri." Shi ke nan, ko musu bai yi ba. Me ya sa bai yi musu ba? Mutumin da zai kwana yana gardama a kan farashin taki, me ya sa ranar bai ce min ƙarya nake ba? Wani lokacin har shi nake jin haushi, Allah ya yafe min.

Ku da kuka tashi a birni ba lallai ku gane abin da na yi ba. A garinmu, bayan magariba dattawan unguwa kowa fitowa yake da kwanon gidansa, a baje tabarma a ƙofar gidan Malam Idi, aminin Baba tun suna yara, a jera kwanuka a ci tare. A gama da wannan kwanon a jawo wancan. A nan ake hira, a nan ake sasanta rigimar iyakar gona, a nan ake tsokanar wanda miyar gidansa ta yi ruwa, kuma Baba ne shugaban masu tsokanar. Sai ga shi ya fito da kwano an buɗe, dafaffen ƙwai da kabeji da kwaɗon zogale. Inna, mahaifiyata, ta ce ranar farko dariya aka yi har da shi, Malam Idi yana cewa, "Kai kuma yaushe ka koma zomo?" Amma dariya ba ta ɗorewa idan mutum yana zaune hannunsa a cinya, tuwon dawa yana wucewa ta gabansa, ana ce masa bismilla yana cewa alhamdu lillahi. Su ma sai cin ya daina yi musu daɗi, suna ci suna satar kallonsa. Da ya lura yana takura musu sai ya fara fita bayan an gama ci. Daga baya ya daina fita gaba ɗaya.

Ga inda abin kunyar yake, kuma ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ni da na kawo tsarin, ban yi nisa ba na ajiye shi. Abin da ya same ni ba ramewa kaɗai ba ce. Sai in tashi da safe in ji ƙirjina kamar an ɗora min turmi, ba abin da ke min daɗi, ba na son magana, ba na son mutane. In shiga aji yaro ya yi ɗan motsi in yi masa tsawar da ni kaina sai na tsorata. Na taɓa zama a kicin ina kuka wiwi saboda ashana ta ƙi kamawa. Maigidana ya gaji ya ce, "Ke, ko ki koma cin abinci kamar mutane, ko ki faɗa min abin da na yi miki." Na koma cin tuwona da shinkafata, a hankali na dawo hayyacina. Ban ce haka yake yi wa kowa ba, akwai waɗanda a gurup ɗin suke cewa su garau suke ji, amma ni na san abin da na ji a jikina. Na san ramin, na shiga na fito. Kuma na bar tsoho a ciki, don ba zan iya buɗe baki in ce masa, "Baba, ba likita ba ne, ni ce." Ina Gaya ina suɗe miyar kuka a yatsa, ubana yana can yana tura ƙwai kamar magani. Wace irin 'ya ce ke yin haka?

Azumi ya zo, gida ya cika da ƙamshin kunun tsamiya, Baba ya buɗa baki da ruwa da ƙwai ya koma ɗaki. Mutumin da ba ya rabo da rediyo a kafaɗa, rediyon yana kan taga ƙura ta rufe shi. Jikoki su zo su hau shi, ya ce a kwashe su suna damunsa. Inna ta ce ba ya barcin kirki, ba ya faɗa, ba ya dariya, sai ya zauna a gindin darbejiyar tsakar gida ya zuba wa rumbu ido. Rumbun cike yake da geron da ya noma da hannunsa, ana sussuka ana daka a gabansa, shi ko gaya ɗaya ba zai taɓa ba. Ta ce ta taɓa dama fura ba sukari ta kai masa a ɓoye, ta ce, "Malam, ko kurɓa ɗaya ka yi, wa zai sani?" Ya ce, "Uwata ta wahala ta kai ni asibiti, ba zan ci amanarta ba." Da Inna ta ba ni labarin nan a waya, ina cikin tauna biredi. Na ajiye shi gefe.

Na rubuta wa matar gurup ɗin, na yi mata bayanin halin da yake ciki, har da ranar da jiri ya ɗebe shi a masallaci yana rawar jiki sai da aka riƙo shi. Kun san abin da ta ce? Wai jiki ne ke fitar da guba, in ƙara masa gishiri da man shanu, kuma tana da wani shayi na musamman da ya kamata in saya masa. Dattijo yana shan maganin suga, ba ya cin hatsi ko kaɗan, yana faɗuwa a sahu, ke damuwarki shayi? Na mayar mata da magana mai zafi a gaban kowa, ba a jima ba na ga an cire ni daga gurup ɗin. Allah ya isa tsakanina da ita. Amma in na gama yi mata Allah ya isa sai in tuna ba ita ta zauna kusa da Baba a mota ba.

Sai kuma babban wanmu, wanda ke aiki a sakatariyar Ajingi. Shi da ko sau ɗaya bai taɓa raka Baba asibiti ba, yanzu shi ne mai bincike. Yau ya ce sammu ne, gobe ya ce iska ce, ya kawo rubutu, ya kawo hayaƙi, har ya fara zargin wani maƙwabcinmu da suka taɓa saɓani da Baba a kan iyaka, bawan Allah bai san hawa ba bai san sauka ba. Kuma a gaban kowa yake yabona, "Ba don ƙanwata ba da tuni suga ya kayar da shi." Ji nake kamar in kurma ihu. Abin da ya ƙara ɗaure ni shi ne sugan ya sauka da gaske. Ina da ɗan abin awo da na saya, duk zuwan da zan yi sai na auna shi, lambar tana kyau. Da ita nake rufe bakin kowa, da ita nake rufe nawa. Asibitin ma ban sake mayar da shi ba, sai dai in sayo maganin a kemis, don kar a haɗa shi da likita asirina ya tonu. Lamba tana kyau, amma ina mutumin?

Abin da ya sa na kasa ci gaba da yin shiru ya faru ne a satin nan. An yi ruwan shuka, gari duk ya fashe, kowa ya ɗauki sungumi ya nufi gona. Baba bai fita ba. Tunda aka haife ni ban taɓa jin an yi ruwan shuka Baba yana gida ba, ko zazzaɓi yake sai ya fita. Inna ta kira ni tana kuka, na nemi izini a makaranta na hau mota. Na tarar ya sauko da damin irin da yake zaɓa da kansa duk shekara, zangarniyar da ta fi kowace cika, wadda ko mu ba ya bari mu taɓa, ya aika wa Malam Idi da shi kyauta. Gonar kuma ya ce wa wanmu ya nemi wanda zai karɓa aro. Na durƙusa na gaishe shi na ce, "Baba, lafiya ba ka fita shuka ba?" Ya ce, "In shuka in kai wa wa? Na gaji, Uwata. Mutum ya noma abin da aka haramta masa, ya zauna yana kallo kamar baƙo a gidansa. Ni yanzu jira kawai nake." Ban tambaye shi jiran me ba, don na ji tsoron amsar.

Na zauna a gabansa, gaskiyar tana bakina, wallahi har na buɗe baki. Sai ya riga ni. Ya sassauta murya kamar mai roƙon alfarma wajen hakimi, ya ce, "Ke da kike jin yarensu, in kin koma ki je wajen yaron nan likita. Ki gaishe shi da kyau. Ki ce masa tsohon nan ya bi doka, bai taɓa karyawa ba, Allah ne shaida. Ki tambaye shi ko zai yarje min ludayi ɗaya na fura, ko da ranar Juma'a ce kaɗai, in fita da ita wajen su Idi. In ya ce a'a, shi ke nan, kar ki matsa masa." Sannan ya dafa kaina ya sa min albarka, ya ce ni ce 'yar da ba ta taɓa yi masa ƙarya ba.

Na san abu ɗaya, dole in mayar da shi asibiti a duba shi da gaske, jikin da zuciyar duka, wannan ba sai kun faɗa min ba. Amma da zarar ya zauna gaban likita zai ji cewa ba a taɓa hana shi ba. Wata zuciyar tana ce min in sake yin wata ƙaryar, in kira shi gobe in ce likita ya sassauta, ya ci tuwonsa kaɗan-kaɗan, ya karɓo irinsa wajen Malam Idi tun ƙasa da sauran danshi, ba wanda zai taɓa sani. Wata kuma tana ce min ƙarya ce ta kai shi gindin darbejiya, kuma ban isa in sake yi masa likitanci da ka ba. In kuma na faɗa masa gaskiya, a halin da yake ciki, mutumin da abin da ya rage masa shi ne yardar da ya yi da ni, in na karɓe ita ma me na bar masa? Shuka ba ta jira, kwana kaɗan ƙasa za ta bushe. Ɗazu Inna ta kira ta ce tun safe yake tambaya ko na samu ganin likitan. Yana can yana jiran amsar likita, likitan kuwa ni ce.

Don girman Allah ku ba ni shawara. Me zan yi?