Ƙusoshi huɗu a bayan Baba

Laraba, bayan isha'i

Na gaji. Tun safe muke asibiti da Baba, sai la'asar muka ga likita. Ya ce ƙusoshi huɗu zai ɗaura masa a ƙashin baya, dab da laka. In ɗaya ta kauce, ƙafafu sun tafi. Wai a wasu ƙasashe kwamfuta ke nuna inda ƙusa za ta bi, amma nan sai hoto da hannun likita.

Baba kuwa, tsohon kafintan Tsibiri, cewa ya yi, “Likita, miƙo hannunka.” Ya riƙe, ya juya, ya ce, “Ba ya rawa. A yi.”

Ni na sa hannu a takardar yarda.