Ƙuri'a ta Bakwai

Zuwa ga aminina Malam Habu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina roƙon Allah Ya sa kana cikin rahama. Na san ba za ka karanta wannan takarda ba. In da za ka iya karanta ta, da ban rubuta ba, ka san halina. Kai ma na san naka, da sai ka bi rubutun da jan biro kafin ka kula da abin da ke ciki, yadda ka yi wa yaran lakkwal, 'yan makarantar boko, shekara talatin.

Matameye tana nan yadda ka bar ta, sai tsada da ta ƙaru. Matarka Hajiya Rabi lafiya lau, ƙafa ce kawai ke damunta. Babban ɗanka Lawali ya samu ɗa namiji, an sa masa sunanka, ana kiransa Mushe, yadda 'yan lakkwal ke kiran malaminsu, tun bai iya zama ba. Rakena ya yi kyau bana, amma kai shi Daura ya zama aiki tun da aka fara rufe iyaka ana buɗewa. Samari sun watse ci-rani, unguwa ta koma ta tsofaffi da awaki.

Babban labari kuwa ba zai yi maka daɗi ba. Dimokuraɗiyyar da ka ƙare ƙuruciyarka kana yi mana wa'azinta ba ta nan. Sojoji sun karɓi mulki bayan rasuwarka, an sallami kansiloli da magadan gari, jam'iyyu ma an rufe su. Kada ka ɗauka mutane sun yi kuka. Tafi suka yi, Habu. Ni ma na tafa. Mun gaji da alkawarin fanfo da ba ya zuwa, da 'yan takarar da ba sa tuna hanyar ƙauye sai an kusa zaɓe.

Ka tuna zamanmu a rumfar rakena, lokacin da ake babban taron ƙasa a Yamai? Ka ɗora rediyo a kan buhu, muka ji talaka yana tambayar manya a bainar jama'a, kuma ya koma gida lafiya. A nan ka ba mu labarin Girkawa, cewa su ne suka fara taruwa a fili suna yanke hukuncin garinsu da ɗaga hannu. Da ka ce ba sa ƙirga mata da bayi, na yi ta yi maka dariya, na ce ashe tun asali abin da gurguwar ƙafa aka haife shi. Ka ce iyayenmu ma ba a haƙa rijiya sai sun zauna kowa ya faɗi nasa, abin da ya ƙaru kawai shi ne labule da akwatin zaɓe. A wurinka labulen nan shi ne komai, domin a bayansa bara ba ya tsoron ubangidansa. Ranar da tsohuwata ta tako daga ƙauye ta dangwala yatsa, ka nuna mini cewa ƙuri'arta da ta Alhaji mai manyan motoci nauyinsu ɗaya. Na yarda da kai a ranar, har yau ma ban ce ƙarya ka yi ba.

Abin da ba ka faɗa mana ba shi ne labulen ba ya tambayar wanda ya shiga bayansa. Yana rufa wa mai tsoro asiri, yana rufa wa maci amana.

Maganar da ta sa na ɗauki biro ke nan. Shekarar da aka zaɓe mu kansilolin kwamin ƙauyenmu, wato ƙaramar hukumarmu, mu goma sha uku ne, bakwai namu, shida na ɗaya ɓangaren. Kansiloli ke zaɓen magajin gari, kai ne ɗan takararmu, don haka kowa ya ɗauka an gama. Manyan jam'iyya suka yi abin da aka saba, suka kwashe mu bakwai ɗin zuwa wani gida a Damagaram, suka karɓe wayoyinmu, suka rufe ƙofa kwana uku don kada wani ya zo ya juya mana ra'ayi. Da safen da za mu dawo aka kawo Alƙur'ani, aka ce kowa ya dafa ya rantse cewa kai zai zaɓa. Duk muka dafa, ban da Malam Isuhu, ɗan ƙanin mahaifinka. Ya ce shi bai taɓa dafa Littafin Allah a kan kujerar duniya ba, kuma ba zai fara a kanka ba, maganarsa ta isa. An yi an yi da shi ya ƙi.

Aka jefa ƙuri'a, aka buɗe akwati. Bakwai nasu, shida naka. Ina kallon fuskarka lokacin da ka juya ka dubi Isuhu. Duk zauren ma shi aka duba. Wa za a duba in ba wanda ya ƙi rantsuwa ba?

Ba shi ba ne, Habu. Ni ne. Isuhu kai ya zaɓa.

Babu wanda ya saye ni, ka cire wannan daga ranka. A kwana ukun nan na ga wani Habu da ban sani ba. Tun ba ka hau ba ka fara lissafa ƙauyukan da ba su zaɓe mu ba, kana cewa su jira rijiyarsu sai wani zamani. Kai da ka koya mini cewa wanda ya ci zaɓe na kowa ne! Raina ya ɓaci ƙwarai. Da wannan dalili na yi ta lallashin kaina shekara da shekaru. Amma tunda yau ranar gaskiya ce, akwai na biyu. Ka yi wa wani alkawarin kujerar mataimaki a gabana, ko kallona ba ka yi ba, alhali ni na zaga da kai ƙauyuka a bayan babur ɗina har tayoyi suka ƙare. Wanne ne ya riƙe hannuna a bayan labule, kishin jama'a ko haushi? Wallahi ban sani ba.

Wanda na ba ƙuri'ar bai tsinana komai ba, kai shaida ne. Rijiyoyin da na ji tsoron za ka hana, shi ma bai haƙa ba. Abu ɗaya da zan yaba wa tsarin, bayan shekara uku mun taru mun sauke shi da takarda, ko kaza ba a yanka ba. Yanzu in wanda aka naɗa ya yi daidai, mun gode Allah, in bai yi ba, wa zai sauke shi?

Amma ba ƙasa ce ta biya abin da na yi ba, Isuhu ne. Ka daina gaisawa da shi. Bikin 'yarsa ba wanda ya je daga gidanka. Aka sa masa suna Mai Labule, yara na faɗa in ya wuce. Ni kuwa kullum ina gefenka, ina cin tuwon gidanka, ina jin ana zaginsa ina gyaɗa kai. Na yi azumin kaffarar rantsuwa, sai na tarar azumi bai san hanyar gidan Isuhu ba. Ranar jana'izarka ya zo ya kai hannu zai kama makara, Lawali ya ture hannunsa a gaban jama'a. Ni ina riƙe da ɗaya gefen. Haka muka ɗauki makarar muka wuce.

Sau uku na zo wurinka kana jinya da niyyar faɗa. Kowane zuwa sai ka kama hannuna ka ce ni kaɗai ne ban taɓa ba ka kunya ba. Ta yaya zan fara?

Da damina ta fara Isuhu ya faɗi a gona, rabin jikinsa ya shanye, baki ya tafi. Makon jiya na daure na je. Na same shi kwance a soro, matarsa Inna Hadiza ta shiga ciki ɗebo mini ruwa. Na durƙusa kusa da kunnensa na faɗa masa komai, tun daga gidan Damagaram har ranar makara. Na roƙe shi gafara. Ya dube ni ya daɗe, leɓensa na rawa, amma babu abin da ya fito. Ko ya yafe, ko ya tsine, ko ma bai gane ni ba, ba ni da hanyar sani. Shekara goma sha wani abu yana nanata cewa ba shi ba ne, ba a saurare shi ba. Yau da ya samu shaida, ba shi da bakin kiran kowa ya ji.

Sai ga Inna Hadiza da kwanon ruwa. Ta durƙusa tana share hawaye, ta ce duk cikin mutanen Habu ni kaɗai na tako ƙofarsu, ni ne ɗan halak. Ta yi ta sa mini albarka, ta roƙi Allah Ya saka mini da irin abin da na yi musu. Nan ne wurin da ya kamata in buɗe baki, Habu, ga ta a gabana, kunnenta lafiya, bakinta lafiya. Na karɓi ruwan na sha. Na shafa addu'ar, na ce amin.

Lawali bai sani ba har yanzu. Na faɗa wa wanda ba ya magana, ga shi ina faɗa wa wanda ba ya karatu. Ka ga irin jarumtar amininka.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka makwancinka. Sai mun haɗu a inda ba a ɓoye komai.

Ni ne wanda ya dafa Alƙur'ani ya kayar da kai,
Sani mai rake.