Kada Ku Rufe Mana Ƙaramin Ɗakinmu

Zuwa ga Shugaban kamfanin da muke hayar saba a wurinsa,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa, da fatan kana lafiya tare da iyali da ma'aikatanka. Ban taɓa ganinka ba, amma na daɗe da zana ka a raina: dattijo mai farin tabarau, a ɗaki mai sanyi, na'urori na ta ƙyafta masa ido. Ka yi mini afuwa, yawan karatun littattafai ne ya mayar da ni haka.

Sunana Zulaihat, matar aure ce a Karaye. Ni ke kula da wani ɗan shafi na intanet da matan Karaye da Rogo suke saka labaran da suka rubuta. Godiya ce ta kawo ni, sai koke guda ɗaya.

1. Maigidana gyaran waya yake yi a kasuwa. Bayan na tare, ya lura da yadda nake jimami duk lokacin da wayar wata ƙawata ta lalace ta tafi da labarinta. Sai ya haɗa wata tsohuwar kwamfuta da sola a ɗakina, ya ce ita ce saba, wato ma'ajiyar da kowacce za ta shiga daga wayarta ta karanta. Na so ta ƙwarai. Tamu ce, ba mai leƙa mana rubutu, ba mai cewa mu tashi. Amma in hadari ya rufe sama kwana biyu, batir ya sauka, shafi ya mutu, sai matan ƙauyen Kafin Dafga su yi ta kirana kamar ni na ɓoye ranar. Shi kuma maigida bai isa ya yi tafiyar kwana ba, kamar mai jinya.

2. Ga laifina, ba zan ɓoye ba. A bazarar da ta wuce, gwaggonnin maigida suka aiko za su zo ganin ɗaki. Na dubi wannan baƙin akwati a tsakiyar jerena, na ga ya ɓata mini tsari. Maigida na kasuwa, na ja shi da wayoyinsa na cusa a kabad, bayan tangaran. Na lulluɓe shi da mayafin da Innata ta saƙa mini, na rufe gilashi, na turara ɗaki. Baƙi suka yaba, suka tafi, ni kuma na bar shi a haka don ya yi mini kyau. Ina jin fankarsa tana ta kuka, na ɗauka kukanta ne na kullum. Kashegari da azahar ya yi shiru, ma'ajiyarsa ta ƙone.

A ciki har da labarin Yaya Hajara ta Ruwan Bago, wanda ta shekara tana rubutawa da babban yatsa, tsakanin tatsa da daka. Wayar da ta rubuta shi da ita tuni ta faɗa rijiya, ba ta da wani kwafi. Na zauna a ƙasa ina kuka, ina neman bakin da zan gaya mata.

Da maigida ya dawo bai yi faɗa ba. Ashe ya daɗe da kama mafi ƙanƙantar wuri a sabarku, duk Juma'a yana kwafe komai can. Ya kira ofishinku, wata ma'aikaciya ta ɗauka, ta yi mana Hausa, ta bi mu a hankali har shafin ya dawo kafin magariba. Ta ji labarin mayafi, ba ta yi mini dariya ba. Allah ya saka mata da alheri. Tun daga ranar shafinmu yake wurinku, ko ana ruwa ko ana rana yana buɗe.

3. Koken ke nan. Kun yanke shawarar rufe wannan ƙaramin tsarin haya da muke kai a ƙarshen watan nan, duk wanda bai koma babba ba za ku goge kayansa. Sanarwar ta imel kuka aiko, da dogon Turanci. Ta yi sati uku ba a buɗe ba, don a nan waya ake kira ko a turo saƙo. Ni na ci karo da ita, saura kwana tara. Babban tsarin kuwa ya fi ƙarfinmu, ya kuma fi buƙatarmu, kamar a kama gida guda don ajiye akwati ɗaya. Na san kayan aro ba ya rufe katara, kuma mai ɗaki yana da iko da ɗakinsa. Amma ɗan haya ma ana buga masa ƙofa kafin a fitar masa da kaya.

4. Don haka ina roƙo. Ku bar ƙaramin tsarin saboda irinmu. In ba hali, ku ɗaga mana ƙafa zuwa bayan kaka. Kuma duk sanarwar da za ta kai ga goge kayan mutum, ku turo ta a waya, da Hausa, ba sau ɗaya ba.

Ba mu naɗe hannu ba. Maigida ya samo wata tsohuwar kwamfutar, tana nan kan benci a tsakiyar ɗaki, ba lulluɓi, duk baƙon da ya shigo ita yake fara gani. Mayafin ya koma kan kwanuka. Na koyi darasina, sai dai har yanzu ba ni da iko da hadari, ga damina ta kankama. Labarin Yaya Hajara saura babi biyu, ta ce sai ta gama da gona za ta ƙarasa. Sau ɗaya na kusa salwantar mata da shi, ku kuka cece ni. Kada kuma ya salwanta a hannunku.

Allah ya ƙara arziki, ya tsare na'urorinku daga zafi da irin kwalliyata, ya sa ku gama da duniya lafiya.

Wassalam, taku mai godiya,
Zulaihat, daga Karaye.