Minti Goman Baba

Zuwa ga Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara da marasa lafiyan asibitinku. Babur mai lantarkin da kika aiko ya iso. Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci.

Yaya, wannan abu sai wanda ya gani. Yana hawan dutse kamar akuya, amma ko tari ba ya yi. Ranar farko na yi ta murɗa hannu ina jiran in ji ƙara, ashe ya daɗe da tashi, saura ƙiris in kutsa shagon mai walda. Batirin nake cirowa in jona da solar shagona, caji ɗaya ya kai ni gonaki huɗu in gyara musu famfo, in dawo da saura. Shekara tara ina bin hanyar duwatsun nan, ban san akwai ƙorama a bayansu ba sai jiya da na ji kukan ruwanta.

Laraba zan hau tudu in nuna wa Baba. Na san zai ce abin wasan yara ne.

Ƙaninki,
Auta

*

Auta,

Bayan gaisuwa. Na ji daɗi da ya yi maka. Ka riƙa sa hular kwano, na gaji da ɗinke kan 'yan babur. Yaya jikin Baba? Duk sanda na aika a tambaye shi sai ya ce garau. Ɗakin da na gyara masa a gidana yana nan, ko da bai son jin zancen. Ka huta lafiya.

Yayarka

*

Yaya,

Ina gaishe ki. Kwana uku ina jujjuya takardar nan kafin in rubuta, ki zauna tukuna.

Kin tuna tsohon babur da fasasshiyar salansarsa? Tun daga gindin tudu ake jin sa, minti goma kafin in iso. Shekara biyun nan duk Larabar da na je, a lambu nake tarar da Baba tsaye da fartanya a hannu, yana ce min na makara, shi ya gama aiki.

Laraba na iso har bakin ƙofa ba wanda ya ji ni. Na leƙa. Baba na ƙasa tsakanin gado da ƙofa, ya riƙe ƙafar kujera yana son tashi, gwiwa ta ƙi. Sau uku yana gwadawa. Ga sanda a gefensa, wadda ban taɓa gani ba, da hannunsa ya sassaƙa ta. Na zaga bayan gida, sai na ga kunya biyun da ake hangowa daga ƙofa su kaɗai aka nome, sauran lambun duk ciyawa.

Ban iya shiga ba, Yaya. Na tura babur na koma gindin tudu, na danna hon, na zauna kan dutse ina kuka kamar ƙaramin yaro. Da minti goma suka cika na hau. Yana tsaye da fartanyarsa, gumi sharkaf. Ya zaga babur ɗin da ido ya ce, "Wannan na ɓarayi ne, mutumin kirki ana jin zuwansa."

Ashe ƙarar nan da muke zagi ita ce rufin asirinsa.

Auta

*

Auta,

Na karanta. Ni da nake duba gwiwoyin iyayen wasu kullum, nawa uban ya rufe min ido shekara biyu. Haushin kaina nake ji, ba naka ba.

Amma ka saurara. Mota ba ta hawa tudun nan, waya ba ta shiga. In ya faɗi ranar Alhamis, sai wata Larabar za a sani. Ka sauko da shi cikin makon nan, ko yana so ko ba ya so. Gara ya yi fushi da mu yana raye.

Yayarka

*

Yaya,

Gaisuwa da ban haƙuri. Ban sauko da shi ba. Na ɗauko zancen, ya dubi itatuwan lemon da suka dasa shi da marigayiya Umma, ya tambaye ni ko a ɗakinki akwai inda za a dasa su. Na bar zancen.

Ga dabarar da na yi. Na samo batir na biyu, na kafa sola a rufinsa, na ce masa ta shago ba ta ƙosar da ni. Yanzu kullum da hantsi sai na hau in ajiye wanda ya ƙare in ɗauki cikakke. Shi ne mai tsaron caji. Ya sa kujera kusa da shi, in fitila ta koma kore ya zare waya, har faɗa yake min wai ina barin ƙura a bakin batir. Ina tsayawa a gindin tudu in yi hon, in ba shi minti gomansa.

Ba magani ba ne, na sani. Amma kullum ina ganin sa. Ki yi min izini mu gwada.

Naki,
Auta

*

'Yata,

Ina gaishe ki, ina gaida mijinki da jikokina. Allah ya yi muku albarka.

Ƙaninki ya ɗauka ban san batir ba ya bukatar mai gadi ba. Kuma ran Larabar nan na ga inuwarsa a bakin ƙofa. Ban ce komai ba, shi ma bai ce ba.

Ba zan sauko ba. Amma ki zo da kayan aikinki ki duba gwiwar, ba zan ɓoye miki ba. Ya ɗauko ki a babur ɗin, ba ya jijjiga.

Ni ba zan iya faɗa masa ba, ke ki faɗa masa: ya daina tsayawa a ƙasa yana hon. Ya shigo kawai, yadda ya same ni. Na gaji da tashi.

Mahaifinku