Toka ba ta hau bene ba

Gwale, Kano

Zuwa ga 'yata Radiyya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki Saifullahi da abin da ke cikinki. Tunda kin iya katse min waya ina tsakiyar magana, na koma takarda. Alhaji Babayo zai kawo miki idan ya je saro kaya can ƙasar Sin.

Maganata ɗaya ce, ki dawo gida ki haihu. Kin san al'adar gidanmu. Jariri na faɗowa ake kewaye shimfiɗarsa da tokar murhun gidan nan, a yi tofi, ba ya ƙetare ta sai ranar suna. Haka aka yi wa ubanki, haka na yi miki da hannuna ranar da uwarki ta rasu ta bar min ke. An ce a hawa na sha tara kuke zaune. Ina ƙasa a can, balle a yi kewaye? Haka za ki bar jinjiri a sarari, a garin da ba ki san iskokinsa ba?

Ki gaida mai gidan. Allah ya raba lafiya.

Gwaggonki,
Fasuma ungozoma

*

Xiaobei, Guangzhou

Gwaggona,

Wa'alaikumussalam. Ina gaishe ki da girmamawa, ya ƙafar taki? Wayar kuwa na katse ne don kada bakina ya yi miki rashin kunya.

Na yi tambaya, Gwaggo, kada ki ce taurin kai ne kawai. Aicha 'yar Maraɗi, wadda muke shago ɗaya, ta ce su wuƙa suke sa wa jariri a ƙarƙashin matashi, ba ta taɓa jin kewaye ba, ga 'ya'yanta nan suna cinye mata tukunya. Mariama 'yar Kumasi ta ce su laya da hayaƙi ne. Tsohuwar Basiniyar da ke maƙwabtaka da mu na gan ta tana zana da'ira da alli a bakin titi, har na ji daɗi na ce ga 'yar'uwar Gwaggo. Ashe mamatanta take ƙona wa takarda a ciki. Na kwatanta mata namu da hannu, ta yi dariya ta ce "meiyou", wato babu, su jan zare suke ɗaura wa jariri. To iskokin Gwale ne kaɗai suke tsoron toka?

Ba ki ambaci Mas'udu ba, ni zan ambata, tunda ɗana ne na fari. Idonsa ya yi ɗorawa, ya daina kama nono, na ce a tafi asibiti. Kika tsaya a bakin ƙofa kika ce ba ya ƙetare toka. Ya ƙetare ta, Gwaggo, a cikin likkafani.

Ba zan dawo ba. A nan zan haihu in Allah ya yarda.

Taki,
Radiyya

*

Gwale, Kano

Radiyya,

Bayan sallama. Na karanta, na sake karantawa. Yau ni kike ɗora wa mutuwar Mas'udu? Kwanansa ne ya ƙare. Rabin yaran unguwar nan ni na kewaye su, ga su sun yi gemu. Wuƙar Maraɗi ta mutanen Maraɗi ce, ke jinin gidan nan ce.

Tunda kin ƙi zuwa wajen toka, ga ta nan a gwangwanin madara, na tankaɗe ta da kaina. Ki zuba ko a kan tayil ne. In kuwa kika ƙi, wallahi tallahi ba zan ɗauki abin da kika haifa ba. Na rantse, kin kuma san ni.

Ki huta lafiya.

Fasuma

*

Xiaobei, Guangzhou

Gwaggo,

Assalamu alaikum, ina gaisuwa. Na sauka, mace ce, an raɗa mata Surayya.

Gwangwaninki ya riga ta isowa. Saifullahi ya ce, "Haba Radiyya, mu zuba mana a zauna lafiya, toka ce fa, me za ta rage mu?" Na ce ba za a zuba ba. Na san kaina. In na ga farin layin nan a kewaye da ita, muryarki zan ji, ƙafata ta yi nauyi, in ce bari mu ga gobe. Goben nan ce ta cinye min ɗa.

Abin da nake tsoro kuwa ya zo. Kafin suna idonta ya yi ɗorawa, irin na yayanta sak. Ban tambayi kowa ba, na naɗe ta na sauka na tare mota sai asibiti, ko takalmi ban sa daidai ba. Ciwon shawara ne. Suka kwantar da ita a ƙarƙashin wata shuɗiyar fitila, ina tsaye a bayan gilashi ina karanta duk addu'ar da kika koya min. Likita ta ce gara da muka zo da wuri. Yanzu haka tana cinyata, ta kama nono ta ƙi saki.

Ga gwangwanin nan na mayar a hannun Alhaji Babayo, ban buɗe ba. Ba zan ba ki haƙuri ba, don ban yi laifi ba. Amma ke kika goya ni, kuma ba ni da uwar da zan miƙa wa yarinyar nan sai ke. Za mu zo da ƙaramar Sallah. Zan tsaya da ita a zaure in yi sallama. In kin fito, alhamdu lillahi. In ba ki fito ba, mu juya, ta girma ba ta san ki ba, kuma ba ni na jawo ba.

'Yarki har gobe,
Radiyya

*

Gwale, Kano

Radiyya,

Wa'alaikumussalam. Barka da arziki, Allah ya raya.

Ban ce kin yi daidai ba, ba kuma zan ce ba. Jikokin gidan nan da za su zo, da toka zan tarbe su.

Rantsuwa ba abin wasa ba ce, don haka na aika wa liman. Ya ce kaffararta ciyar da miskinai goma. Shinkafa na kan wuta.

Kada ki kuskura ki tsaya min a zaure kamar baƙuwa.

Gwaggonki