Taswirata Ta Raba Babana da Ƙanensa

Gwaggo Ashatu, don girman Allah ki taimake ni, na ɗebo abin da ya fi ƙarfina, kuma kwana goma sha biyu kacal sunka rage mini in gyara. Ki yi haƙuri da tsawon takardar, ni in na fara magana ba ni da birki, Innata ma shaida ce.

Ni ɗiyar mahauci ce, haihuwar Ƙofar Rini nan Sakkwato. Babana shekara talatin da ɗoriya yana gasa balangu ƙarƙashin wata darbejiya kusa da masallacin unguwa. Duk ɗan kabu-kabun da kika ce ya kai ki wurin balangun darbejiya, ba zai tambaye ki kwatance ba. Ni kaɗai ce na yi boko mai zurfi a gidanmu, kuma da kyar, don dangi sun sha ce wa Baba ɗiyar mahauci ba ta buƙatar digiri kafin ta san tsoka da kitse. Ya toshe kunnensa. Ƙididdiga na karanta, amma shi Injiniya yake ce mini, kuma duk baƙon da ya zauna bencinsa sai ya sha labarina kafin a yanka masa nama.

Yanzu ina aiki da wani ƙaramin kamfani. Aikinmu shi ne duba bayanan wuraren da wayoyin hannu suke taruwa, babu suna babu lamba, ɗigo-ɗigo ne kawai bisa taswirar gari. In anka yi taro, ko ƙwallo ko biki ko wa'azi, sai mu ga inda jama'a sunka kwarara da tsawon zamansu, mu ba masu shagunan kusa shawara. Wallahi abin yana aiki, na ga mai sayar da lemo da muka taimaka har firji ya ƙara.

To, akwai filin da ake dambe duk Asabar bayan unguwarmu. Wata rana na ce bari in duba wa Babana, ai na gida ya fi cancanta. Abin da na gani ya tayar mini da hankali. Ranar dambe, darbejiyarsa fayau take a taswira, ɗigo biyar ko shida. Amma wata kwana can gabas da filin, ja wur! Ɗigo kusan ɗari uku, cunkushe wuri ɗaya, tun azahar har bayan magariba, ba su motsi. Na duba Asabar shida a jere, duk haka. Na ce yau Allah ya kawo ranar da bokona zai yi magana.

Na sami Baba na zayyana masa. Ya ce shi dai a saninsa ranar dambe ce ranar da ya fi ciniki. Gwaggo, kin san mi na ce wa dattijon nan? Na ce idonsa ne ke ruɗinsa, kwamfuta ba ta mantuwa kuma ba ta son kai, tana ganin mutane daga sama. Kalmar da na faɗa ke nan, mutane. Ya sosa gemu, ya ce tunda Injiniya ta gani, shi ke nan.

Asabar ɗin babbar gasa, Baba ya yanka raguna uku maimakon ɗaya, anka ɗora tukuba da benci a kura sai kwanar nan. Don kada darbejiya ta zauna haka nan, ya ce wa ƙanensa Baffa Sirajo, wanda ke gashi can Kalambaina, ya zo ya zauna na yini ɗaya. Ni kuwa ina ofis na ƙura wa allo ido. Da azahar ɗigo sunka fara taruwa daidai inda na sa Baba, har na tashi na taka rawa. Na buga masa waya ina yi masa barka da cika. Ya ce daga shi sai ƙudaje da wata akuya. Na ce ya duba da kyau! Ki ji fa, mutum na zaune a wurin da ƙafarsa, ni ina ofis ina ce masa ya duba da kyau.

Ba zan ja ki da nisa ba. Nama ya dawo gida kusan yadda ya fita. Anka raba wa maƙwabta, Inna ta soya, ta yi dambu, munka ci har yaran gida sunka fara kuka in sun ji ƙamshi. Baffa Sirajo kuwa kafin magariba ya karkaɗe faranti, har aikawa ya yi a ƙaro masa.

Nan ne abin ya daina ba ni dariya. Baba bai taɓa kawo wa ransa cewa ni na yi kuskure ba. Tunda Injiniya ta ga mutane, to mutane sun zo, wani ne ya kautar da su. Wa ya amfana? Sirajo. Wasu 'yan zuga sunka ƙara masa da cewa an ga Baffa yana yayyafa wani ruwa gindin itaciyar, alhali ƙura yake kashewa kamar kowane mai nama. Mutanen da tun suna yara kwano ɗaya suke cin tuwo, yau sati uku kowa da nasa. Ga auren Fauziyya ɗiyar Baffa saura kwana goma sha biyu, Baba ne waliyyi, ya ce a nemi wani. Fauziyya ta zo ɗakina ta yi kuka har ta jiƙe mini filo, ni ina lallashinta kamar ba ni na haɗa ba.

Asabar da ta wuce na saka hijabina na tafi kwanar da kaina. Gwaggo, shagon caji ne! Wani bawan Allah Bashar, da janaretonsa da alluna cike da soket har rufi. Saboda 'yan sane, kuma ga rashin wuta, duk mai shiga dambe sai ya ajiye wayarsa nan, a ba shi kati mai lamba, ya wuce. In an tashi, ta ƙofar yamma ake fita, a bi ta darbejiya a ci nama, a yi magariba, sannan a dawo ɗaya-ɗaya a karɓi waya ciki ya riga ya cika. Wato taron da na gani wayoyi ne kwance suna shan wuta, masu su kuwa suna can wurin Babana hannu rabbana, shi ya sa taswira ba ta ganinsu. Na tsaya gaban shagon nan kamar an dasa ni, har Bashar ya tambaye ni ko tawa wayar ce ta ɓace.

Na faɗa wa maigidana na wurin aiki, ya yi dariya har ya faɗo daga kujera, bai tsinana mini komai ba. In na faɗi gaskiya, dangin da sunka ce bokona banza ne sun samu abin faɗi har jikoki, kuma ina jin tsoron ranar da Baba zai kalle ni bai ce Injiniya ba. Wannan ne ya fi ci mini rai, na faɗa miki tsakani da Allah. In na yi shiru, zumunci ya tsage a kaina. Har na yi tunanin in ce kwamfutar ce ta samu matsala, a wuce wurin. Mi kika gani?

Ɗiyar Mai Balangu, Ƙofar Rini

Amsa

Ɗiyata, na karanta takardarki sau biyu. Karo na farko na yi abin da maigidanki ya yi, Allah ya sa kujerata mai hannu ce. Karo na biyu ban yi dariya ba.

Bari in fara da abin da yake naki. Niyyarki mai kyau ce, kuma aikinki ba shirme ba ne. Taswirar ba ta yi ƙarya ba, wayoyi ɗari uku ta ce, wayoyi ɗari uku ne. Ke ce kika mai da su mutane. Kuma kin yi abin da masu ilimi da yawa ba sa yi, kin taka da ƙafarki kin gano inda kika zame. Kuskurenki na gaske ba a kan allo yake ba. Mutumin da ya shekara talatin a wuri ya gaya miki ranar da ya fi ciniki, maganarsa ta saɓa da taswira, maimakon ki tsaya ki tambayi dalili sai kika ce idonsa ne. Daga yau, duk inda mai wuri da na'ura suka saɓa, ki je ki gani kafin kowa ya yanka rago.

Shi ma Baba yana da nasa. Zargin ɗan'uwa da asiri ba ƙaramin abu ba ne. Amma ki lura da abin da ya kai shi. An ba shi zaɓi tsakanin ya yi shakkar 'yarsa ko ya yi shakkar ƙanensa, ya zaɓi ya kare ki. Baffanki yana ɗauke da laifin da naki ne.

Batun ɗora wa kwamfuta, ki bar shi. Ba zai wanke Baffa ba, don Baba zai ce to me ya sa ta lalace ranar da Sirajo ya zo.

Kada ki kai jibi. Ki sami Baba shi kaɗai bayan ya ci abinci, ki durƙusa, ki fara da neman gafarar maganar idon nan. Bayani da baki zai yi masa wuyar kamawa, don haka ranar Asabar ki roƙe shi ya bi ki shagon Bashar, ya ga allunan, ki nuna masa jan ɗigon a wayarki a daidai lokacin. Mahauci ne, ya san bambancin taron mutane da taron kaya. Daga nan ki je wurin Baffa da kanki ki ba shi haƙuri, ki bar manyan su shirya a tsakaninsu ba tare da kin tsaya a kansu ba. Ki ce wa Inna ranar ta zuba tuwo a kwano ɗaya, ta yi kamar ta manta.

Dangi za su yi dariya, wannan babu makawa. Wataƙila har ranar bikin a tambaye ki ko wayoyi sun ƙoshi. Ki riga su darawa, wata biyu ya ishe su. Tsokanar da za ki sha ba ta kai nauyin Fauziyya ta ga wani ya zauna inda Babanki ya kamata ya zauna ba.

Sunan Injiniya kuwa, ban isa in yi miki alkawari ba, amma ga abin da na gani. Mutumin nan ya bar inuwar da ya shekara talatin a cikinta, ya ƙaryata idonsa, don kawai ke kika faɗa. Wanda ya yarda da ke har haka, gaskiyar nan daga bakinki ya kamata ya ji ta, kafin wata rana ya ji ta a bakin mai caji.

Allah ya daidaita tsakaninsu, ya sa a ɗaura auren Fauziyya da Baba a gaba, ya ƙara wa darbejiya albarka. Ki tashi ki je, ɗiyata, yana nan yana jiran Injiniyarsa.

Gwaggo Ashatu